Abin da Na Faɗa wa Ɗana a Hanyar Mamudo

Ni direban tirela ne, ina ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu, sai in yi kwana goma ba na gida. Wata Alhamis na dawo, ko takalmi ban cire ba maƙwabciyarmu ta yi sallama. Ta ce babban ɗana, mai shekara goma sha huɗu, shi da abokansa sun biyo 'yarta daga makaranta suna yi mata ihu, don sun ga jini a bayan kayanta. Kwana uku ke nan yarinyar ta ƙi fita.

Na ɗauko bulala. Uwarsa ta ce, "Malam, ko ka doke shi bai san laifinsa ba."

Washegari na goya shi a babur, na ce ya raka ni Mamudo duba gero. A hanya na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar maina.

"Me ya sa kuka yi mata haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, manyan ajinmu suka ce duk yarinyar da ta yi jini, iskanci ta yi."

Ni kaina sai da na yi aure na san mene ne al'ada, mahaifina bai taɓa zaunar da ni ba. Kunya ta kama ni, amma na ƙudura ba za mu tashi ba sai na gama. Na ce masa jinin nan kowace mace mai lafiya tana yinsa duk wata, har babarsa. Na koma kan jikinsa: buɗewar murya, gashi, mafarkin balaga, da yadda ake wanka bayansa.

A nan ya faɗa mini ya fara mafarkin tun bara. Ya ɗauka cuta ce, har ya sayi wani garin magani a tasha yana sha a ɓoye.

Na ce, "Ba cuta ba ce. Daga yau ni za ka tambaya. Kuma ƙarfin da Allah yake ƙara maka ba na tsorata 'yar mutane ba ne. In mace ta ce ba ta so, ko wasa ne, ka bari."

Da yamma na kai shi gidan maƙwabciyar, ya ba yarinyar haƙuri da bakinsa. Ranar Litinin ta koma makaranta.

Abokansa fa? Na sami limamin unguwarmu na ce ina son a riƙa tara samari ana yi musu bayani. Wani dattijo da ke wurin ya ce, "Buɗe musu ido za ka yi." Na ce, "Baba, wayar da ke aljihunsu ta riga mu." Liman ya ba mu barandar masallaci duk ranar Juma'a bayan la'asar, da sharaɗin malamin Islamiyya ya zauna tare da mu. Na roƙi wani ma'aikacin asibiti ya riƙa zuwa.

Ranar farko yara huɗu suka zo. Iyayen biyu daga cikinsu suka hana su dawowa. Na bi su har shagunansu, ɗaya ya yarda, ɗayan ya ce in fita harkar ɗansa. Yanzu barandar tana cika, na kuma daina karɓar lodin da zai hana ni kwana a gida ranar Juma'a. Mutumin da ya ƙi, sau uku na koma wurinsa, kuma zan sake komawa.