Jikokin Baba Jibo

Baba Jibo mai hatsi a kasuwar Gusau mutum ne da ko tiyarsa sai ya leƙa gindinta kafin ya yi awo. Ya daɗe da yin alkawarin cewa jikansa namiji na fari shi zai ci sunansa. Sai ga matan 'ya'yansa biyu sun haifi maza, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu, kowa kuma ya rantse lokaci guda ne.

"Da walakin," in ji Baba.

Autarsa Sumayya, malamar kimiyya, ta ce, "Baba, a wurinka da kake zaune a tsakiya ne lokaci guda. Wanda ke gudu ya nufi Tsafe, a wurinsa ɗan Tsafe ya riga zuwa. Wanda ya nufi Bungudu kuwa, ɗan Bungudu. Amma a gudun mota bambancin bai ko kusanci ƙiftawar ido ba."

Baba ya harare ta. "Ashe shi ya sa yayanki na Tsafe ya aiko mini da mota!"

Ya ƙi motsawa ko nan da can. Dole aka kawo jariran Gusau ranar suna, aka raɗa wa dukansu Jibrin.