Gwankin da Kaka Zai Nuna Mana

Duk wanda bai taɓa shaƙar warin burgamin maharbi ba, iliminsa da saura, ko da takardun shaidarsa sun cika bango. Ni malamin makaranta ne, da takarda nake cin abinci, saboda haka ba hassada ce ta sa na faɗa ba. Kwanakin baya na ratsa ta layin dukawa a kasuwar Karaye, warin jemammiyar fata ya buge ni, sai ga ni a zauren kakana, a ƙauyenmu da ke bayan Fulatan.

Burgamin nasa, wato jakar fatar akuya, a rataye yake a bango, yana warin albarushi da taba da tsohon jini. Ko da muka yi wayo farauta ta riga ta ƙare. Daji ya koma gonakin masara da rake, namun dawa sun koma zomo da gafiya. Labari kawai ya rage wa Kaka, kuma sarkin labaransa shi ne gwanki: girman doki, kunnuwan jaki, fuska baƙi da fari kamar an yi masa kwalliya, ƙahoni sun lanƙwasa baya.

Mu jikoki ba mu yarda ba.

"Tsoho, jaki ka gani rana ta buge ka," in ji mu, mu tsere kafin sanda ta iso.

Abokan farautarsa duk sun kwanta dama. Iya, matarsa, ita kaɗai ta rage da za ta ba da shaida, ita ma ta ƙi. "Ni nama aka kawo mini a yanke, Malam. Ban ga fuskarsa ba."

Yakan yi dariya, amma yanzu da na girma na gane irin dariyar. Mutum ya ga abu da idonsa, duniya ta share abin, jikokinsa kuma su mai da shi maƙaryaci.

Wata shekara wani direban babbar mota da ya zo ɗaukar hatsi ya ba shi labarin wani daji mai nisa, a bakin wani ƙaton dam wanda ya ninka namu na Karaye. Gwamnati ta hana harbi a cikinsa. Mutane suna shiga a mota su kalli namun dawa, har da gwanki, suna shan ruwa, su juyo.

"A kalli gwanki a ƙyale shi?" in ji Kaka. "Masu hankali ne kuwa?"

Kafin direban ya gama lodi, Kaka ya fara shirin tafiya. Ba nama yake so ba. So yake ya kama wuyan ɗayanmu ya juya shi ya ce: ga shi nan.

Ya zana hanyar a ƙasan zaure da tsinke, kaji suka share, ya sake zanawa. Ya sa Iya ta tanadi garin ƙuli da dakakken yaji. Lokaci ne kawai ya gagara. Da damina ba a barin gona. Da kaka akwai hali, amma ciyawa ta fi mutum tsawo, ko giwa ba za ka hango ba. Lokacin da ya dace shi ne bazara, sa'ad da ƙoramu suka ƙafe, ƙasa ta tsage, ƙishirwa ta koro kowace dabba zuwa bakin dam. To, da bazara kuma rumbu ya yi ƙasa, ga sharar gona. Haka tafiyar ta yi ta kewaya shekara ba ta sami wurin sauka ba. Garin ƙulin mu muke cinye shi duk shekara, da izinin Iya.

Bana Allah ya hore mini tsohuwar mota, hutun makaranta kuma ya faɗo cikin bazara. Na je na same shi a zauren. Iya ta rasu, shi kuma ciwon yana ya rufe masa idanu duka biyu.

"Tsoho, tashi. Za mu yawon buɗe ido."

"Da wane idon, ɗan boko?" Ya lalubo hannuna. "Ba komai. Dama ba ni zan gani ba, ni na riga na gani. Kai za ka duba ka faɗa mini, da ƙarfi, yaranka su ji."

Na gyara taya, na sami inda za mu kwana a hanya, matata ta daka ƙuli. Sannan na kira ma'aikatan dajin don in ji ranar da za mu iso. Wanda ya ɗauka ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi kafin mummunan labari. Ya ce an daina shiga da baƙi. Masu bindiga ne a ciki yanzu, su kansu ma'aikatan rabonsu da bakin ruwan an jima.

Na koma na faɗa wa Kaka yadda aka faɗa mini. Ya daɗe yana murza gemu.

"Su masu bindigar, suna ganinsa kenan?"

"Ko sun cinye shi ma."

"To," in ji shi. "Akwai dai wanda ya san ban yi ƙarya ba."

Mu da muka yi karatu mun saba cewa zamani ne, kamar zamani wani baƙo ne da ya zo ya kwashe kaya muna barci. Dajin kusa mu muka nome shi, na nesa an ƙwace, mai shaidar kuma yana zaune cikin duhu yana jiran ɓarayi su gaskata shi.

Hutu ya ƙare, na koma aji. Darasin makon farko namun dawa ne. A littafin da aka ba mu, babu gwanki.