Mai Jiran Ƙofar Jarrabawa

Bari in ba ku labarin wata da nake kallo da safen nan a Kathmandu, babban birnin Nepal, daga bencin mai shayi. Budurwa ce siririya, takunkumi ya rufe mata rabin fuska, gilashinta sai gumi yake yi. Tana tsaye gaban zauren jarrabawar lasisin masu haɗa magunguna, ƙofar kuwa a garƙame.

"Yaya, yau ne ko ba yau ba?" take tambayar mai gadi.

"Ƙanwata, rediyo ya ce an ɗage saboda korona. Maƙwabcina ya ce an mayar wata makaranta. Ni dai kwaɗo aka ba ni."

"To wa zan tambaya?"

"In kin samo shi, ki tambayar mini ni ma."

Da alama wani kantin magani ke jiran lasisin kafin ya ɗauke ta aiki, don ga ta a waya tana roƙon a ƙara mata haƙuri. Ta nufi motar haya za ta koma gida, sai ta tsaya cak, ta shafa goshinta. Jan ɗigon albarka ne a goshin, haɗe da ƙwayoyin shinkafa, wanda uwa ke ɗiga wa ɗanta in za ta sallame shi. Mu kuwa a nan, wanda aka sallama haka ba ya juyawa gida buƙata ba ta biya ba, kada sa'a ta zube.

Mai gadi ya turo mata kujerarsa.

"Zauna. Muddin ba ki koma ba, ai kina kan hanya."

Ta zauna, ta buɗe littafi.