Tantabarar Tsibiri da Kawu Sanda

Kawu Sanda, ƙanen uwata, shi ya aike ni sata, shi kuma ya nuna wa 'yan sanda ƙofata. Shekara uku na yi a kaso, ko ruwa bai aiko ba.

Da can ni mai kiwon tantabaru ne a unguwar Adjamé. Karatun allo ban kai rabi ba na bari, amma ban taɓa cin na wani ba. Ran nan wata da na sayar ta dawo gida, yadda suka saba. Maimakon in mayar wa mai ita, na sake sayar da ita. Kawu ya yi dariya, ya ce yanzu na yi hankali. Daga nan sana'a ta zama ke nan.

Sai wani matuƙin jirgin ruwa ya sayar wa wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa a unguwar Treichville da ke hayin gada, wata tantabara mai girman zabuwa, ja-ja-baƙa, baki rawaya. An ce sai a dajin wani tsibiri can tsakiyar teku ake samun irinta, kuma maharba sun kusa ƙarar da su. Kawu ya ce in ɗauko ta mu haɗa da namu, mu sami iri.

Da rana tsaka, Kwaran na barci, na cusa ta a riga na haye gada.

Na zuba mata gero, ta ƙi. Na jiƙa, na buɗe bakinta na yi mata ɗura kamar yadda muke wa 'yan shila. Ashe 'ya'yan itace kawai take ci. Wa zai gaya mini? Kwana huɗu ta kama hanyar mutuwa a hannuna. Kawu ya ce kada nama ya ɓaci, ya yi maza ya yanka ta tana shure-shure. Shi ya cinye. Da aka ga gashinta a bayan gidansa, ya rantse bai san komai ba, aikina ne.

Na fito na tuba, yanzu dako nake a bakin ruwa. Ku samari, in abin da kuka sayar ya dawo, ku mayar a ranar. Kuma babban da ya yaba muku kan ha'inci, ku guje shi ko ɗan'uwa ne.

Ranar da aka sake ni na sami Kawu a ƙofar gida yana alwala. Ya ce, "Ɗana, an fito?"

Na ce, "Kawu, ni na kashe ta, na kuwa biya. Kai da ka ci, ka shirya amsarka. Kuma kada ka ƙara ce mini ɗa."