Aron Murya a Kasuwar Rogo

Kanwa nake sayarwa, da gishirin shanu. Tun ina saurayi. Ranar kasuwar Karaye ina Karaye, ranar ta Rogo ina Rogo. Sana'ar ba ta neman boko, maƙogwaro take nema. Wanda ya fi ɗaga murya, wurinsa Fulani suke nufa.

Na ga abubuwa a duniya. Mota ta taɓa kifewa da mu a hanyar Rogo, na fito ta taga. Amai da gudawa ya shiga gidanmu ya fita da mutane, ya bar ni. Sai ga wani ɗan tsiro a maƙogwaro, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Aka yi mini aiki a birni. Na tashi, muryar ba ta tashi ba. Raɗa ce ta rage, sai mutum ya kawo kunnensa kusa. Likita ya ce in na ƙara ihu, raɗar ma za ta tafi.

Na koma kasuwa na zauna kamar buhu a tsakanin buhuna. Masu kanwa na dama da hagu suna ta kira, jama'a suna wuce ni. Uwargida ta ce in haƙura in zauna a gida, 'ya'ya su ciyar da mu. Na ce a'a. Ta ce, "Malam, me ka ce?" Na girgiza mata kai.

Na sayi lasifika ta hannu, irin ta masu maganin ɓera. Tana da jan maɓalli. Ka danna, ka yi magana, ta haɗiye, sannan ta wuni tana maimaitawa. Saura murya. Dole in ara.

Akwai abokina, Bafulatani ne daga wata ruga wajen garin Turawa. Ya daɗe yana sayen kanwa a hannuna. Muryarsa tana tsayar da saniya daga tsallaken fadama. Ina ce masa Ardo, ko da yake ko akuya ba ta naɗa shi ba. Shi kuma Kaɗo yake ce mini. Ya ji buƙatata ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, sannan ya yarda.

Da hantsi, ranar kasuwar Karaye, muka raɓe gindin darbejiya a bayan rumfuna. Na ce ya faɗi kanwa, ya faɗi gishiri, da Hausa da Fillanci. Ya gyara malfa, ya yi gyaran murya. Na danna.

"Assalamu alaikum jama'ar kasuwa. Barkanku da hantsi. Ina kwananku? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya muka ji da damina? Yaya dabbobi? To madalla, madalla."

Ya sake wannan duka da Fillanci, ya ƙara da na yara da na tsofaffi. Can ya iso kan kanwa, ya yabe ta sosai. Da kunnena na ji. Ba mu gwada ba, kasuwa ta fara cika.

Na rataye lasifika a jikin rumfa na kunna. Ta yi sallama, ta gaida mutane, ta kai kan dabbobi, ta tsaya cak. Ta koma sallama. Haka ta yi ta yi.

Mutanenmu ba a gaishe su su yi shiru. Duk wanda ya zo wucewa sai ya rage tafiya ya ce lafiya lau, ya wuce. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta tsaya tana amsawa, aka zagayo ta sake amsawa, da aka kuma zagayowa ta ce, "Kai bawan Allah, na ce maka lafiya!" Maƙwabcina a rumfa ya leƙo.

"Baba, ka bar kanwa ka koma sayar da gaisuwa? Auna mini mudu."

Na kira Ardo muka koma gindin darbejiya. Na ce wannan karon ya bar gaisuwar.

"Kaɗo, ni in buɗe baki a kan dattawa da kanwa? Ba a tasha aka haife ni ba."

Ya yarda zai yi sauri. Ya yi gaisuwar a guje kamar kare ya biyo shi. Lasifika ta kai tsakiyar Fillanci ta tsaya. Ranar na koma gida da kayana yadda na kawo su.

Kusa da tashar Karaye akwai wani mai cajin waya. Da can gyaran rediyo yake yi, yanzu furfura ta fara masa, yana tura wa mutane karatu da waƙa a waya. Muka je ni da Ardo. Ya saurari lasifikar har ta zagayo, ya amsa gaisuwar shi ma, sannan ya juya ta.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Cikinta ne ƙarami. Abin da ya fara shiga shi take riƙewa, in ta cika sauran ya zube ƙasa."

Ya nuna mini wata 'yar tsaga a bayanta. Ya ɗauko wani baƙin abu kamar farcen ɗan yatsa. Memori ke nan. Ya ce wannan zai ɗauki maganar da Ardo zai yi daga yau har kaka, bai cika ba. Ardo ya karɓa ya jujjuya, ya ce ƙarya ne.

Kwamfutarsa tana kan tebur, gefenta a buɗe saboda zafi. Na leƙa. Ƙura da wayoyi. Na nuna da hannu, ya gane tambaya nake yi.

Ya taɓa wani ƙaramin akwatin ƙarfe. "Wannan rumbu ne. Duk abin da aka ajiye yana nan, ko an ɗauke wuta." Ya taɓa wani siririn falle kore. "Wannan tabarma ce. Abin da za a yi aiki da shi yanzu, a kanta ake zubawa. Wuta na ɗaukewa an kaɗe ta." Ya nuna ƙarƙashin wata 'yar fanka. "Mai aikin yana nan. Shi yake ɗebowa daga rumbu, ya gyara a tabarma, ya mayar. Ba ya hutawa, shi ya sa ake masa fifita."

Wannan na gane. Gidan manomi ne aka sa a akwati.

Ya jona makirfo da waya a wani rami na kwamfutar. Ya ce kowace waya da raminta, kada in ga rami in cusa. Makirfo kunne ne, in ji shi. Akwai 'yar fata a ciki, murya ta buge ta ta yi rawa, rawar ta bi waya. Lasifika kuma baki ce, tata fatar ce take rawa ta turo iska waje, kamar fatar ganga.

Ya ce wa Ardo ya yi maganarsa son ransa. Ardo ya samu fili. Ya gaida kasuwa, ya gaida masu zuwa da masu komawa, ya yabi kanwa har ni na ji ina son saye. Yana magana wasu layuka suna tashi suna sauka a gilashin kwamfutar, kamar kunyoyin gona. Mai caji ya ce muryar ke nan. Inda ta yi tudu, ya ɗaga murya. Inda ta kwanta, numfashi yake ja.

Amma ya ce akwai saura. Memori zai ɗauke duka, sai dai mai wucewa ba zai tsaya jiran kanwa ba. Zai yanke gaisuwar.

Ardo ya miƙe. "Ka yanke ta, ka ba ni muryata in tafi."

"Zauna, Ardo. Ba zubarwa zan yi ba, rabawa zan yi."

Ya raba gida biyu. Gaisuwa daban, talla daban. Ya bar sallama a bakin tallar, don Ardo ya ce ko mutuwa zai yi ba za a cire ta ba. Ya tura su cikin memori. Ardo ya leƙa gilashi ya ga kunyoyin suna nan.

"To ka tura, ga ta kuma ba ta tafi ba?"

"In maƙwabciya ta ɗebi wuta a murhunku, taku tana raguwa?"

Ardo ya ce to a kashe ta cikin kwamfutar, ba ya son muryarsa tana kwana a tasha. Aka goge a gabansa.

Mai caji ya koya mini maɓallan. Wannan na gaba, wannan na maimaitawa. Jan kuwa ya liƙe shi da salatif, ya ce in manta da shi.

Ranar kasuwar Rogo na shimfiɗa kayana da wuri. Na kunna gaisuwa, ta yi ta har ƙarshe, rumfuna suka amsa. Na danna na gaba. Muryar Ardo ta cika layin, kanwa da Hausa, kanwa da Fillanci. Fulani suka fara juyowa. Wasu sun gane muryar, suka zo neman mai ita, suka tarar da ni. Tun da sun zo, sai suka durƙusa suna ɗanɗana kanwa. Ciniki kuwa ba ya son ihu. Mutum ya matso, in raɗa masa, ya raɗa mini, in auna.

Kafin la'asar na kaɗe buhun ƙarshe. Na naɗe buhunan, na sa lasifika a jaka, na bi ta wurin mai tsire na sayi na uwargida. A tasha na aika wa dillali a ƙaro mini kaya kafin kasuwar Karaye.