Mama Hulda Tana Duba Gindin Buhu

A wani shagon intanet a Kafanchan, wata dattijuwa ta baje a kujera, zaninta na ƙamshin citta. Mai shagon na kiranta Mama Hulda. Wani shafin intanet na sayar da citta aka yi mata talla, tana son sayen cittar.

Yana nuna mata saman shafin, tana tsaki. "Ɗana, macuci a bakin buhu yake zuba mai kyau. Gangara ƙasa."

Da gani, an taɓa cusa mata ruɓaɓɓiya.

Can ƙasa ga hotunan kwastomomi masu yabo, wai na makon jiya. Ta dangwala yatsa a kan ɗaya.

"Wannan Azariya ne, mijina. Shekara shida da binne shi. An busa ƙaho ne ban ji ba?"