Babana Tafin Hannu Yake Dubawa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba na kasuwar Ataba, a nan Alƙahira. Duk shekara idan watan ya kama, addu'a nake yi masa, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da idona ya gani Juma'ar da ta wuce a wani filin ƙwallo a unguwar Faisal, inda aka ba da kofi mai ɗauke da sunansa.

Daga Zariya Baba ya zo Alƙahira neman ilimi. Karatun bai yi tsawo ba, kasuwa ta riƙe shi, ya yi dako har ƙarfinsa ya ƙare. Tafin hannunsa duk kanta ne. Idan ya shafa kaina, gashina yakan maƙale a ciki, in yi ƙara, shi kuwa ya yi dariya.

Ina ƙarama sosai lokacin da ya haɗu da wani dattijo ɗan ƙasar Norway, mai ciwon gwiwa, wanda yakan gudo Masar idan sanyin garinsu ya yi tsanani. Baba ya ɗaukar masa kaya wata rana. Da suka yi musabaha, kowa ya ji irin hannunsa a hannun ɗan'uwansa. Ashe dattijon a wurin ƙera jiragen ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa. Suka saba, Turancin Baba guntu, Larabcin dattijon ya fi shi gajarta, amma hira ba ta taɓa yanke musu ba.

Shi ya ba Baba labarin da ya zauna masa a rai. Ya ce tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, ma'aikatan ƙasarsu sun ware sun kafa ƙungiyar wasanni tasu, dabam da ta masu hali. Har tawagar ƙwallo ta ƙasa suke da ita, suna karawa da ma'aikatan wasu ƙasashe, 'yan masana'anta da 'yan tashar jirgin ruwa irinsu. Mahaifin dattijon yana cikin tawagar. Bayan yaƙi aka haɗe ƙungiyoyin biyu, kuma a cewarsa, idan ka duba jerin wasannin ƙasar a yau, ba za ka ga nasu a ciki ba. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya bar wa Baba hoto guda: maza goma sha ɗaya a jere, wanduna har gwiwa, babu mai murmushi sai mai tsaron gida.

A kan hoton nan Baba ya gina wasan Juma'a. Bayan la'asar 'yan dako da masu tura kura sukan taru a wani kango, ya raba su ƙasa-ƙasa: Najeriya, Nijar, Sudan, Masar. Da gaske yake kiran abin wasan ƙasa da ƙasa, duk da raga duwatsu biyu ne. Doka ɗaya ce. Duk mai son shiga fili zai buɗe masa tafin hannu. Idan ya ga kanta, sai ya ce, "Yalla, shiga." Ba ya tambayar fasfo, ba ya tambayar iƙama, wato takardar zama a ƙasa, wadda da yawa daga cikinsu ba su da ita. Na tuna wani ɗalibi ɗan Kano da ya miƙa hannu sumul. Baba ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ustaz, wannan hannun ko buhun auduga bai sani ba. Zo Ataba ranar Asabar ka ɗauki kwali goma, Juma'a in sa ka gaba." Ya je kuwa, ya dawo da bororo a yatsu, aka yi masa tafi kamar ya ci ƙwallo.

Ni nawa zama ne a kan bulo da littafin waƙoƙina, ina kallon inuwarsu tana ƙara tsawo. Mutum biyu ne ba sa rabuwa da Baba. Akwai Adam, Bahaushen Sudan mazaunin unguwar Ainu Shams, mai tsaron gida, wanda yaƙi ya koro ba tare da takarda ko ɗaya ba. Akwai kuma Baffa Haruna, aminin Baba tun zuwansu Masar, wanda ban taɓa sanin ba ɗan'uwansa na jini ba ne sai da na girma. Ina riƙe da kofin ruwa a gefen gadon Baba, a jinyarsa ta ƙarshe, lokacin da Baffa ya kama hannunsa ya ce, "Garba, wasan nan amana ne a wuyana. Yadda ka bar shi haka zai zauna."

Shekara guda ya zauna hakan. Daga nan wani babban ɗan kasuwa ya shigo da riguna masu sunan shagonsa, ya samo fili mai ciyawar roba da shingen waya. Masu filin suka ce duk ɗan wasa sai an ga takardunsa. Baffa ya amince. Ni ban sani ba, don tun rasuwar Baba ƙafata ba ta iya zuwa wurin ƙwallo. Da ya kira ni ya ce in zo in miƙa kofin Malam Garba, har kuka na yi don farin ciki.

Abin da na fara gani shi ne ƙyalle a bakin ƙofa, an rubuta: gasa karo na uku. Na uku. Shekarun da Baba ya yi yana jera duwatsu a kango, duk ba a lissafa su ba. Sai na hango Adam a bayan waya, shi da wasu tsofaffin 'yan wasa huɗu, yatsunsa sarƙe da shingen.

"Ammu Adam, kawuna, me kake yi a waje?"

"Ma'alish, ba komai, 'yar Garba," ya ce, yana murmushi. "Na nuna musu hannu, suka ce ba shi ake dubawa ba yanzu."

Na sami Baffa a ƙarƙashin rumfa. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Na ce, "Baffa, Adam fa?" Ya ce, "Nafisa, zamani ne. Kango an yi gini a kansa. Ko dai mu bi dokar masu fili, ko wasan ya mutu. Ni na raya sunan ubanki." Na ce, "Buɗe min hannunka, Baffa." Ya buɗe kafin ya gane abin da nake nufi. Kantar tana nan, ba ta goge ba. Ya dube ta, ya dunƙule hannun, ya cusa a aljihu.

Ban miƙa kofin ba. Na fita na tsaya inda su Adam suke, muka kalli wasan ta cikin waya har aka tashi.

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Baba zai ce. Na san zai tausaya wa Baffa, don shi mai yi wa mutane uzuri ne, ya fi ni nesa ba kusa ba. Na san kuma zai tambaya ko an nemi wani kangon kafin a ce babu. Alƙahira ba ta rasa kango ba. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne, wanda ya share wasannin Baba yana cikin waɗanda suka buga su. A da ina jin labarin ma'aikatan Norway kamar tatsuniya mai daɗi daga ƙasar ƙanƙara. Yanzu idan na dubi hoton, na san irin ciwon da labarin yake yi wa dattijon.

Don haka ina roƙonka, Baffa, a gaban masu karanta wannan shafi: ko ka buɗe wa su Adam ƙofa, ko ka cire sunan mahaifina daga kofin. Ba zai yiwu sunansa ya kasance a ciki, mutanensa suna waje ba.

Baba bai bar gida ba, bai bar gona ba, bai taɓa rubuta wa ya ci wa ba. Abin da ya rage nasa hoto ne na baƙi goma sha ɗaya, da maza biyar da har yanzu suke zuwa bakin fili duk Juma'a da takalmansu a leda. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka. Da za mu rabu a ranar Juma'ar nan, Adam ya ce ya ga wani fili a bayan tashar jirgin ƙasa a Ainu Shams. Ya ce duwatsu biyu ba za su gagara ba, sai dai babu mai duba hannu. Na ce masa na san yadda ake yi.